Jakar goyon zamani: ta cancanci kuɗinta, amma kar ki yar da majanyinki

Masu ta tambayata kan jakar goyon nan da ake yayi yanzu, wadda ake saƙala jariri a ƙirji, to ga abin da na gani. Tawa wajen wata mai sayar da kayan jarirai a Instagram na saya nan cikin Kano, irin mai faffaɗan mazauni ce da bel mai kauri a ƙugu da maɗauri biyu a kafaɗa. Ɗinkinta da ƙwari, yadin auduga ne ba roba ba, kuma tana wankuwa ba ta zuba. Tana da ɗan tsada gaskiya.

Babban amfaninta a gidana ba ma ni ba ce, Abban yaron ne. Kun dai san namijin Bahaushe ba zai ɗaura zani ya goya ɗa ba ko sama da ƙasa za su haɗu, amma wannan da kansa yake ɗauka. Lokacin da yaron ke kukan dare, ana idar da isha'i zai saƙala shi a ƙirji ya yi ta zagaye tsakar gida yana jijjiga shi har barci ya kwashe shi, ni kuma in samu in watsa ruwa in ci abinci da zafinsa, wallahi duk wadda ta yi jego ta san wannan ba ƙaramin abu ba ne. Ranar da Hajiya, kakar yaron, ta fara gani cewa ta yi "kun rataye min miji kamar jakar makaranta", yanzu kuwa ita ke tuna masa ya ɗauko in za mu fita. Kuma yaron ya shaƙu da ubansa tun yana ɗanyen goyo, wannan kaɗai ya biya ni kuɗina.

Sai shiga adaidaita sahu. Da goyon baya sai kin kwance ko ki ɗosana a bakin kujera kina tsoron kar kansa ya bugi ƙarfe, da jaka kuwa yana gabanki kina kallon fuskarsa, hannuwanki biyu a sake. Ranar rigakafi a layin asibiti ma ta taimaka sosai.

Abin da ke ba ni haushi shi ne yadda wasu 'yan gayu ke ganin goyo da zani ƙauyanci ne. Wata nas 'yar Amurka, Ann Moore, ta yi aikin sa kai a Togo farkon shekarun 1960, can ta ga yadda mata ke goyo yara na kwance lafiya lau, ta koma gida ta ɗinka jakar Snugli, aka yi mata rajista a 1969. Wato wajen iyayenmu na Afirka aka koya. Kuma a aikin gida zani ya fi jakar nesa ba kusa ba: shara, wanki, wanke-wanke duk sai da sunkuyo, balle girki, ba ki da dalilin tsayawa gaban tafasasshen mai da jariri a ƙirji.

Matsalar jakar ta farko zafi. Watan Maris da Afrilu da Kano ke haura digiri 40, ki saka shi da rana ku biyu za ku jiƙe sharkaf, ƙurajen zafi su feso masa a wuya da bayan gwiwa. Ta biyu, mai sayarwar ba ta yi min bayanin komai ba, takardar cikin kwalin ma zane ne ƙanana, alhali abin yana da haɗari in ba a iya ba. A 2010 a Amurka an janye majanyin rataye na kamfanin Infantino guda miliyan 1 daga kasuwa bayan jarirai 3 sun rasu a ciki, saboda in jariri ya lanƙwashe haɓarsa ta manne da ƙirjinsa numfashi na iya toshewa, musamman wanda bai kai wata 4 ba. Don haka fuskarsa ta kasance a buɗe koyaushe, ya kuma hau sama yadda in kin sunkuyar da kai za ki sumbaci tsakar kansa. Dan Allah 'yan uwa kar a zura hijabi a rufe shi ruf, ina yawan ganin haka a titi hankalina na tashi.

Kar kuma ki sayi mai arhar nan mai siririn mazauni da ƙafafu ke reto. Likitocin ƙashi sun fi son cinyoyi su samu madogara, a buɗe, gwiwa ta ɗan fi ɗuwawu tudu, daidai zaman da yaro ke yi a goyon zani. Juya shi ya kalli titi kuma sai wuyansa ya yi ƙwari, wajen wata 5 zuwa 6. In bakwaini ne sai kin tambayi likita tukuna. Wadda za ta ɗauki ta gwanjo ta ja kowane maɗauri da ƙarfi, ta duba ɗinkin kafaɗa, in maƙallin roba ya tsage ko kaɗan ne ta bar musu kayansu.