College ko university: ina za ka kai ƙanin naka?

Malam, tunda ka ce yaron koyarwa yake so kuma makinsa na JAMB bai kai na jami'a ba, ka kai shi College of Education, wato kwalejin ilimi, ta gwamnati, ka huta. Amma bari in warware maka sunayen, don kalmar college ta sha rikita mutane.

A nan gida ma ba ta tsaya wuri ɗaya ba. Barewa College ta Zariya sakandare ce, ita ce wadda aka fara a Katsina a 1921, inda Sardauna da Tafawa Ɓalewa suka yi karatu. Rumfa College ta Kano ma sakandare ce. College of Education kuwa gaba da sakandare take, shekara uku mutum ya fito da NCE, takardar shaidar malanta. Sannan ga college ɗin koyon likitanci, wadda sashe ce kawai a cikin jami'a. Ita kanta Jami'ar Bayero da sunan Abdullahi Bayero College ta taso a ƙarƙashin ABU, sai a 1977 ta zama jami'a mai cin gashin kanta.

In ka tsallaka waje sai abin ya ƙara cakuɗewa. Ba'amurke in ya ce ɗansa yana college, digirin farko yake nufi, ko da a Harvard yaron yake. A Ingila, Eton College ta 'yan sakandare ce, amma Imperial College da ke Landan jami'a ce da ake ji da ita a duniya. London School of Economics ma jami'a ce, ga ta da sunan school kamar firamaren unguwarku. 'Yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram kuma in sun ce kwaleji, ta Faransanci suke nufi, wato ƙaramar sakandaren da ake gamawa da jarrabawar BEPC kafin a wuce lise, babbar sakandarensu. Na taɓa yin musu mai zafi da wani abokina ɗan Nijar a kan haka, ashe kowa da abin da yake nufi.

Ni kwalejin ilimi na yi, kuma har gobe ina yi mata addu'a. Ajinmu bai cika ba, malamai sun san mu da suna. Da aka tura mu koyon aikin koyarwa, wata firamaren ƙauye na samu, aji ɗaya yara sun fi sittin, allon ma rabinsa ya goge. Malaminmu ya hau babur ya biyo ni har can, ya zauna a bencin baya tare da yara, da na gama ya ja ni gindin bishiya ya ce, "Kana magana da allo ne, ba da yara ba." Wannan gyaran shi nake ci har yau. Da NCE ɗin na samu aiki, da albashin kuma na koma jami'a ta hanyar DE, wato gurbin masu takardar gaba da sakandare, aka sa ni aji biyu kai tsaye.

University ba ta da wani ruɗani: digiri take bayarwa, daga na farko har na uku, kuma takardarta ta fi nauyi wajen neman aiki, wannan ba na musu. Shekara huɗu ce a rubuce. Amma yajin aikin malamai na 2022 kaɗai wata takwas ya ci. Polytechnic kuwa ta masu son aikin hannu da fasaha ce, ND (ƙaramar difloma) shekara biyu, a fita koyon aiki shekara ɗaya, a dawo HND (babbar difloma) shekara biyu. Ka dai sani mai NCE kaɗai ba ya zuwa bautar ƙasa, sai mai digiri ko HND.

Ba ka tambaya ba, amma zan faɗa. Ka kiyayi masu allon da aka rubuta International College ko Institute ko Academy a saman shago. Waɗannan kalmomi kowa na iya rubuta su. NDA ta Kaduna, makarantar horar da hafsoshin soja, academy ce kuma digiri take bayarwa, makarantar rainon yara ta bayan gidanku ma academy ce. Ni na taɓa zuba kuɗina a wata institute ta kwamfuta, wata tara ina zarya, aka ba ni difloma mai ado da hatimin zinare. Ranar da na kai ta wajen tantancewa, jami'in ya juya ta gaba da baya ya miƙo mini abata. Haka dillalan da ke yawo da fom ɗin jami'o'in Kwatano suna cewa digiri cikin wata kaɗan. A farkon 2024 gwamnatin Najeriya ta dakatar da tantance digirin Jamhuriyar Benin da Togo, bayan wani ɗan jarida ya sayo nasa cikin mako shida.

Kafin ka biya ko sisi, ka tambayi takardar da ake bayarwa, sannan ka duba sunan makarantar a jerin hukumar da ke kula da ita: NUC ta jami'o'i, NBTE ta polytechnic, NCCE ta kwalejojin ilimi. Ka kuma tabbatar gurbin ya fito a shafin JAMB na yaron. In dillali ya ce maka ba sai an bi ta JAMB ba, ka riƙe kuɗinka ka tashi.