Felti ko filis: wanne ya fi dacewa da ɗinka Doraemon da hannu?

Wata 'yar'uwa a zaurenmu ta yi tambaya: tana son ta ɗinka wa 'yarta mai shekara 2 'yar tsanar Doraemon, ba ta da keke, allura da zare kawai gare ta, kuma ta rasa wanne za ta saya tsakanin felti da filis. To 'yar'uwa, kafin ki zaɓi yadi, ki fara ƙare wa siffarsa kallo.

Doraemon kyanwa ne na mutum-mutumi da Fujiko F. Fujio ya fara zanawa a Japan a ƙarshen 1969. Jikinsa shuɗi ne, fuskarsa fara, ba shi da kunnuwa, hannuwansa farare ne dunƙulallu babu yatsu, sai jan hanci, jar igiyar wuya mai ƙararrawa ruwan ɗorawa, da aljihu a kan cikinsa. Duk wannan sauƙi ne ga mai ɗinkin hannu. Wahalar guda ce, kan nan nasa ƙato mai zagaye, kuma a nan yaduddukan biyu suka rabu.

Felti ba saƙa shi ake yi ba, matse zaruruwa ake yi su haɗe, shi ya sa bakinsa ba ya zarewa in an yanka. Ana sayar da shi falle-falle, galibi santimita 20 da 30, kaurin milimita 1 ko 2. Ki ɗora zanen siffar da kika yi a takarda, ki yanke daidai kan layi, ki haɗa gaba da baya, ki bi bakin da zare ta waje. Babu juyawa, babu barin rara. Mai koyo za ta iya gamawa a zama ɗaya. Sai dai felti ba ya miƙewa. In kika haɗa da'ira biyu kika cusa auduga, kan zai fito a baje kamar gurasa, in kuma kika matsa cusawa don ya taso, zaren ne zai yaga bakin. Wanki ma ba abokinsa ba ne: na roba yana yin ƙuraje-ƙuraje, na ulu kuma yana tsukewa a ruwan zafi.

Filis kuwa shi ne yadin nan mai laushi na bargon jarirai da rigunan sanyi. Ba sai kin sayi sabo ba, shuɗiyar rigar sanyi ta gwanjo ta ishe ki har da saura. Yana miƙewa, don haka yana karɓar auduga ya yi zagaye, kuma yana jure wanki. Amma aikinsa ya fi yawa. Za ki bar rarar kamar milimita 5 a kowane yanki, ki haɗa yankunan fuskar yadin na kallon juna, bayansa a waje, ki yi ɗinkin da allura ke komawa baya a kowane taku, ƙanana sosai, don in suka yi faɗi auduga za ta leƙo. Ki bar ƙofa ta santimita 4 ko 5, ki juya, ki cusa, sannan ki rufe da ɓoyayyen ɗinki. Shi kan, da yanki shida masu tsini sama da ƙasa za ki haɗa shi. Abin da ke kayar da mutane a nan shi ne filis ya fi miƙewa ta gefe ɗaya. In kika yanka wasu a tsaye wasu a kwance don tattalin yadi, kan zai karkace, kuma ba za ki gani ba sai kin gama cusawa.

Hannuwa da jela sun yi ƙanƙanta a juya su. Ki yanki da'ira, ki bi gefenta da zare, ki sa auduga a tsakiya, ki ja zaren ta tsuke.

Ra'ayina, tunda yarinya ce za ta runguma, ta tauna, ta ja a ƙasa, ki yi jikin da filis, tsayin santimita 20 ko kusa da haka, ki bar felti ga fuska, idanu, hanci da aljihu, inda ake son gefen yanka mai tsabta. Da abin rataya makulli ne ko adon jaka da bai wuce santimita 10 ba, da felti zalla zan ce.

Shekarunta kuma sun hana wasu abubuwa. Ban da maɓalli, ban da duwatsun ado, ban da ƙararrawar gaske. A Amurka, duk abin da ya shige bututun gwaji mai faɗin milimita 31.7 ana ɗaukarsa haɗari ga yaron da bai kai shekara 3 ba, saboda shaƙewa. Ƙararrawar ki yi ta da yadi, gashin baki shida da ƙwayar ido ki yi su da baƙin zaren ɗinkin hula. Kada ki dogara da gam, ɓantarewa yake yi. Wajen cusawa, audugar roba ta filo ta fi audugar rimi ko ta gona, don waɗannan suna curewa in an wanke.

Fuskar ki bar ta sai ƙarshe, bayan kan ya cika. Ki kafa komai da fil ki duba daga nesa kafin ki ɗinke. Idanun dole su taɓa juna, su kuma hau sama har rabinsu ya shiga shuɗin, hancin ya manne a ƙasansu. In kika raba su ko da kaɗan, yarinyar ma za ta ce miki wannan ba Doraemon ba ne.