Akwatin siffofin roba ko allon ƙusa na kafinta: wanne ya fi wa ɗaliban NCE?

Wa alaikumus salam, Malama. Kin tambayi abin da za ki saya don koyar da lissafin siffofi ga ɗalibanki na NCE, wato masu karatun shaidar malanta. Tunda kuɗin sashen naku na abu ɗaya ne, ko akwatin siffofin roba na shagunan kasuwar Taminus ta Jos, ko allon ƙusa da kafinta zai buga, wanda ake ɗaura kyauro a kai a fitar da siffofi, shawarata ki nufi kasuwar Katako ki ba da aikin allon. Duka biyun suna hannuna, kuma allon ne kullum a aji.

Ga yadda za ki faɗa wa kafintan. Falle ɗaya na filawud ƙafa 4 ne da ƙafa 8, wato santimita 122 da 244. Idan ya yanka shi murabba'i-murabba'i na santimita 25, zai fitar da allo 36, huɗu ta faɗi, tara ta tsawo. Ɗalibai biyu a kan allo ɗaya, kin sallami mutum 72. Kowane allo ƙusa 25 ne, layi biyar-biyar, tsakanin ƙusa da ƙusa santimita 5, a bar santimita 2.5 a kowane baki. Wannan rabin tazarar da aka bari a baki kada kafinta ya ce zai gyara miki ita, don da gangan ne: idan aka jera allo huɗu suka haɗa baki, ƙusar wannan da ta wancan za su ba da santimita 5 cif, sai a sami babban allo mai ƙusa 100. Jimillar ƙusa 900, 'yar inci ɗaya mai kai, a buga kamar santimita ɗaya ciki, saura ya tsaya a waje. Kaurin katakon kada ya gaza milimita 12, in ba haka ba ƙusa ta ɓullo ta baya ta karce tebur da hannun mutane. A bi bakin da samfefa.

Inda aikin yake lalacewa shi ne a bar kafinta ya auna kowane allo da ido. Ki zana layukan da kanki a kwali, ki huda gurbin kowace ƙusa, ya riƙa ɗorawa yana ɗiga alama. Kafin ki biya, ki auna daga ƙusar kusurwa zuwa ta kusurwar da ke kallonta a karkace: dole duka biyun su ba da santimita 28.3. In ɗaya ta fi ɗaya, allon ya goce, murabba'in da za a ɗaura a kansa ba murabba'i ba ne.

Abin da ya sa na fifita shi, waɗannan ɗaliban naki ba haddar dabarun lissafi suka rasa ba. Tsawo sau faɗi kowa zai rera miki. Amma ki ɗaura kyauro a ƙusa huɗu ya ba da murabba'i, sannan ki juya allon ya tsaya a kan kusurwarsa, ki tambayi sunansa. Za ki ji waɗansu sun ce dayamon ne, alhali hannu bai taɓa kyauron ba. Wannan shi ne matakin farko cikin matakan da ma'auratan nan 'yan Holan, Pierre da Dina van Hiele, suka bayyana a 1957: mai koyo yana gane siffa da kamanninta, bai kai ga gane ta da sharuɗɗanta ba. Malamin da ya fita koyarwar gwaji yana wannan matakin, haka zai bar 'yan aji huɗu. A kan allon kuwa gardamar ba ta daɗewa, don ɗalibar da ta ce dayamon ita za ta mayar da allon daidai da hannunta, ta sake juyawa, ta yi dariyar kanta.

Sai rikicin kewaye da girman fili, wanda ya fi komai cin malaman firamare. Ki ce su ɗaura siffa mai kewaye 12, ana ƙirga tazarar ƙusa zuwa ƙusa a matsayin ɗaya. Wani zai yi 2 da 4, filinsa gida 8. Wata ta yi 3 da 3, gida 9. Kewaye ɗaya, fili daban, ga shi a gabansu suna ƙirgawa da yatsa. A nan ne kuma za ki kama masu ƙirga ƙusa maimakon tazarar da ke tsakani, su ce gefen 5 ne alhali 4 ne. Kuskuren nan shi ne dai na yaron da ke fara awo da rula daga 1 ba daga sifiri ba, kuma wanda ya gane shi a ƙusa zai gane shi a littafin yara. Wani tarkon: tazarar karkace daga ƙusa zuwa ƙusa ba ɗaya ba ce. Su sa rula, za su ga kusan santimita 7.1, ba 5 ba.

Alwatika ma haka. A kafe gindinta a ƙusa biyu, a riƙa matsar da kanta daga ƙusa zuwa ƙusa a layi ɗaya. Siffar tana ta kwantawa, filin bai canja ba, don gindi da tsayi suna nan. Daga ranar ba wanda zai sake ɗaukar gefen da ya karkace a matsayin tsayi. Masu kaifin kai da suka riga kowa gamawa, ki ba su ƙa'idar gano girman fili ta masanin lissafi Pick, ta 1899, su gwada: ƙusoshin ciki, a tara da rabin na kan kyauro, a cire ɗaya. Karkataccen murabba'i mai ƙusa 4 a ciki da 4 a baki zai ba su 5.

Akwatin roba fa, ban ce ba shi da amfani ba. In siffofinsa masu rami ne, ana ganin yadda mazurari uku ke cika gwangwanin da suka yi baki da tsayi ɗaya. Daga nan ya ƙare. Akwati ɗaya ne ga aji guda, malama na ɗagawa ɗalibai na kallo, kuma makarantar da za a tura su a Bassa ko Mangu ba lallai su tarar da shi ba. Ko wancan gwajin ma gwangwanin madara da mazurarin kwali da yashi suna yin sa. Lita kuwa su yanka kwali murabba'i biyar na santimita 10, su haɗa akwati marar murfi, su shimfiɗa leda a ciki: abin da ya ci shi ne lita ɗaya, santimita dubu na cikin mazubi. Wanda ya haɗa da hannunsa ba ya mantawa.

Ba ki tambaya ba, amma ki yi hattara da masu sayarwa ta kowane ɓangare. Akwai mai nuna miki akwati lafiyayye ya ɗauko miki wani daga ciki a naɗe, sai kin isa ofis ki tarar babu siffa uku, ko mazurarin bai yi baki ɗaya da gwangwanin ba. A buɗe a gabanki, ki ƙirga, ki kifa wannan a kan wancan. A wajen katako, ana miƙa mai milimita 9 da sunan rabin inci, don haka ki sa rula a bakinsa. Rular kanta ki gwada ta da farar takardar A4, wadda take santimita 21 da 29.7. Tef ɗin tela kuma ki duba incinsa ya faɗa a kan santimita 2.54, domin akwai masu ɗauke da incin Sin, wanda ya kai kusan 3.3.

Kyauro ki sayi na ɗaure kuɗi, kala-kala, leda biyu. Da hunturun Jos yana bushewa ya riƙa tsinkewa, sai a ajiye shi a gwangwani mai murfi nesa da rana, kuma kada a bar shi ya kwana a kan ƙusa. Allunan a jera su fuska da fuska a kan kanta, kada su taɓa ƙasa da damina.