Sharhi a kan Zagayen Gine-ginen Tarihi na Haidarabad da Wani Kamfanin Abuja ke Shiryawa

Mutanenmu da yawa suna zuwa birnin Haidarabad na jihar Telangana a kudancin Indiya domin neman lafiya, amma galibinsu daga asibiti sai masauki, har su dawo gida ba su ga komai na birnin ba. Wani kamfanin shirya tafiye-tafiye da ke Wuse II a nan Abuja ya lura da wannan, sai ya ƙara zagayen wuraren tarihi a kan hidimar biza da tikiti da masauki da yake yi wa masu raka marasa lafiya. Na shiga wannan zagaye lokacin da na raka kawuna, kuma a ganina ya cancanci kuɗinsa, sai dai jadawalinsa yana bukatar gyara na gaske.

Babban abin yabo shi ne ɗan jagoran da wakilinsu ya haɗa mu da shi. A Charminar, ginin mai hasumiya 4 da Sarki Muhammad Quli Qutb Shah ya gina a 1591, bai bar mu da ɗaukar hoto kawai ba, ya nuna mana yadda manyan tituna suka taso daga gindin ginin suka nufi kusurwoyin gari, domin a kewayensa aka shata birnin tun asali. Daga nan da ƙafa muka isa Masallacin Makka, wanda aka fara ginawa a zamanin sarakunan Qutb Shahi, aka kammala bayan Aurangzeb, sarkin daular Mughal ta Indiya, ya ci garin. Ya bayyana mana cewa sunan ya samo asali ne daga tubalan da aka yi da ƙasar Makka aka sanya a bakan gizon da ke tsakiyar ginin, kuma ya yi hattara wajen rarrabe abin da tarihi ya tabbatar da abin da ake faɗa a baka, halin da ba kowane ɗan jagora ke da shi ba.

A ganuwar Golkonda ne hidimar ta fi armashi, a nan kuma rauninta ya bayyana. A ƙarƙashin ƙubbar ƙofar shiga ɗan jagoran ya tsayar da mu ya tafa hannu sau ɗaya, amon ya karkaɗa a rufin, ya ce ana jin wannan tafin a soron Bala Hisar da ke can kan dutse, kuma da shi masu gadi ke sanar da fada zuwan baƙo ko abokin gaba. Wannan ganuwa ce ta jure wa rundunar Aurangzeb wata 8 kafin ta faɗi a 1687, daular Qutb Shahi ta ƙare. Amma kafin a kai soron sai an hau matattakala fiye da 300, kuma da tsakar rana aka kawo mu, duwatsu sun ɗau zafi. Wata dattijuwa a cikinmu ta zauna a rabin hanya tana haki, jikanta yana yi mata fifita da takardar shiga. Kamfanin da ya san cewa abokan hulɗarsa masu jinya ne, wasunsu ma yanzu suka tashi daga ciwo, ya kamata ya sa Golkonda da sassafe, kuma ya gargaɗi mutane tun daga Abuja.

Inda na so a daɗe aka gaggauta mu, wato hubbaren sarakunan Qutb Shahi da ke kusa da ganuwar. Tun 2013 gidauniyar Aga Khan ta raya al'adu ta shiga aikin gyaran wurin tare da hukumomin jihar, kuma abin koyi a aikin shi ne an kankare simintin da aka shafa wa gine-ginen a baya, an mayar da shafen farar ƙasa irin na asali, saboda siminti yana kulle danshi a cikin bango har ya ruɓar da shi, ita kuwa farar ƙasa tana barin bango ya sha iska. Duk wanda ya ga yadda ganuwar Kano ke zaizayewa, ko ya ziyarci kwafin masallacin Zariya a gidan tarihin gine-ginen gargajiya na Jos, ya san wannan darasi ya shafe mu. Ba mu gama kallon zanen ƙubba ta biyu ba direba ya fara danna oda.

Kuskure mafi girma shi ne sanya zagayen ranar Juma'a. An ce an yi haka ne domin mu samu jam'i a Masallacin Makka, niyya ce mai kyau, sai dai ranar ce fadar Chowmahalla ta sarakunan Nizam, waɗanda suka mulki Haidarabad daga baya, da gidan adana kayan tarihi na Salar Jung suke rufe, alhali dukansu suna cikin takardar da aka ba mu a ofis. Ba a mayar mana da komai ba, haƙuri kawai aka ba mu.

Motar tana da tsabta da sanyi, abincin rana birayani ne na halal mai daɗi. Kuɗin shiga na baƙi ya ninka na 'yan ƙasa nesa ba kusa ba, kuma ba ya cikin abin da aka biya a Abuja, don haka a riƙe rufi, wato kuɗin Indiya, a aljihu. Wanda zai yi rajista ya nemi a raba masa zagayen kwana biyu, a rubuta a takarda: Golkonda da hubbaren sarakuna a wata safiya, tsohon gari da Chowmahalla da Salar Jung a ranar da ba Juma'a ba.