Famfon keken tsere: na hannu, gwangwanin gas, ko mai caji?

Assalamu alaikum 'yan'uwa mahaya. Ɗan'uwanmu da ya shigo cikinmu kwanan nan ya kawo tambaya. Ya sayi keken tsere ɗan gwanjo mai taya 700x25 (wato siririya mai faɗin milimita 25), yana fita hanyar Wudil da ta Bichi ranar Asabar, wani lokaci shi kaɗai, kuma yana neman famfon da zai riƙa tafiya da shi. Ya ga iri uku ana tallarsu: ƙaramin famfon hannu, gwangwanin gas na CO2, da ɗan famfon nan mai batir da ake yi wa caji. Yana son a faɗa masa wanne ya kamata ya saka kuɗinsa.

Malam, amsata a gajarce ita ce famfon hannu, mai siririn ciki, mai tiyo. Sauran biyun suna da amfaninsu, amma ƙari ne a kan famfon hannu, ba su maye gurbinsa. Ga dalilina.

Kafin ka taya kowane famfo, sunkuya ka dubi bawul ɗin tayarka. Kusan duk keken tsere yana zuwa da bawul siriri, Presta, mai kaurin milimita 6, da ɗan ƙwaya a kansa wanda sai ka warware shi iska take shiga. Na mota da babur shi ne Schrader, mai kaurin milimita 8. Akwai kuma Dunlop, wanda muka taso muna gani a tsofaffin kekunan Raleigh da Phoenix. Famfon da bakinsa bai kama Presta ba ba shi da amfani a wurinka ko da kyauta aka ba ka. Yawancin na kirki suna ɗaukar Presta da Schrader duka, wani ta hanyar juya robar bakin, wani kuma kowane ƙarshen tiyonsa na iri guda ne.

Abu na biyu shi ne wanda ya fi cin kuɗin mutane a banza. Tayar mota tana shan iska kamar psi 30 zuwa 35 (psi ma'aunin matsin iska ne), tayar keken dutse ma kusan haka ko ƙasa. Tayarka kuwa, siririya ce amma tana son matsi: mai faɗin milimita 25 da tiyub a ciki galibi tana zama tsakanin psi 80 da 100, gwargwadon nauyin mahayi, wato 5.5 zuwa 7 a ɗaya ma'aunin matsin da ake kira ba (bar). Shi ya sa masu ƙera famfo suka raba shi gida biyu. Wanda aka rubuta wa HV cikinsa mai faɗi ne, yana tura iska da yawa a bugu ɗaya, na manyan tayoyi ne. Wanda aka rubuta wa HP cikinsa siriri ne, iska kaɗan yake turawa amma yana kai ta ga matsi mai yawa. Lissafin ba shi da wuya. Idan faɗin cikin famfo santimita 2 ne, a matsin ba 7 hannunka yana ture nauyin da ya kai kilo 22 a kowane bugu. Idan faɗin ya zama santimita 3, nauyin ya haura zuwa kusan kilo 50. Santimita ɗaya tak, amma shi ne bambancin mutumin da ya cika tayarsa ya hau da mutumin da ya tsaya a psi 40 yana haki, hannu ya mutu. To wanda ya hau siririyar taya da rabin iska, ramin farko da ya faɗa zai matse tiyub tsakanin ƙarfen wili da bakin kwalta, ya yi masa huda biyu kusa da juna. Faci na biyu ke nan, wanda famfon da bai dace ba ya jawo.

Kada lambar da aka buga a jikin kwali ta ruɗe ka. Famfo da yawa an rubuta musu psi 120 ko 160. Wannan abin da famfon zai iya jurewa ne, ba abin da damtsenka zai iya kaiwa a bakin titi da rana tsaka ba.

Shi kansa famfon hannun ba iri ɗaya ba ne, kuma a nan nake so mu daɗe.

Akwai ɗan guntun da ke shiga aljihun bayan riga. Misalinsa Lezyne Road Drive, matsakaicinsa bai wuce giram 100 ba, da tiyonsa a ɓoye cikin jikinsa. Daɗinsa shi ne ba za ka san kana ɗauke da shi ba. Wahalarsa yawan bugu. Cikin tayar 700x25 yana cin kusan lita ɗaya, don haka kai ta ba 6 yana buƙatar ka cusa mata kamar lita 6 na iska. Guntun famfon da ke tura santimita kubik 30 a bugu ɗaya zai nemi bugu wajen 200, kuma hamsin ɗin ƙarshe su ne masu sa mutum tunanin ko ya haƙura haka nan.

Akwai dogon famfo da ake maƙalawa a ƙarƙashin sandar sama ta keke, irin Zéfal HPX na Faransa, wanda aka ƙera da tsayi iri huɗu don ya dace da girman firam. Bugunsa ɗaya ya yi biyu ko uku na guntun, shi ya sa tsofaffin mahaya ba sa rabuwa da shi. Idan gwanjon da ka saya tsohon firam ne na ƙarfe mai miƙaƙƙun sanduna, zai zauna daram. Sababbin kekunan kabon masu lanƙwasassun sanduna kuwa, sau da yawa ba shi da wurin kamawa a jikinsu. Sannan ba shi da tiyo, kai-tsaye yake kama bawul.

Na ukun shi ne wanda ni nake ba sabon mahayi shawara a kansa: mai tiyo, mai ɗan mataki da ake buɗewa a taka da ƙafa, da mariƙin da ke juyawa ya gicciye. Topeak Road Morph G shi ne sanannen misali, tsayinsa santimita 35, nauyinsa giram 220, da geji a jikin tiyonsa. Lezyne ma suna da Micro Floor Drive HP a kan wannan tsari. Kafa shi kake yi a ƙasa ka danna da nauyin jikinka, ba ka haɗa hannu biyu kana matsawa a gaban ƙirji ba. A kan wannan kaɗai psi 90 yake zama abin da mutum mai matsakaicin ƙarfi zai kai ba tare da ya galabaita ba. Ba ya shiga aljihu, sai dai a ɗaure shi a jikin keke da mariƙin da yake zuwa da shi, kuma ya fi guntun nauyi da kusan giram 120. Wasu suna ganin yana ɓata wa keke kyau. Ni dai giram 120 bai kai rabin kofin ruwa mai kyau ba, kuma mutumin da ke fita shi kaɗai ba kyau yake nema a bayan Wudil ba, komawa gida yake nema.

Na nanata tiyo ne saboda bawul ɗin Presta ba ya son jijjiga. Famfon da ke kama shi kai-tsaye, duk bugun da ka yi yana girgiza shi hagu da dama. Da gajiya ta zo hannu ya fara karkacewa, ko ɗan tsinken kan bawul ya lanƙwashe, ko gindinsa ya yage daga jikin tiyub, wurin da faci ba ya kamawa. Tiyo yana shanye wannan jijjigar. In dole ka yi amfani da marar tiyo, riƙe bakin famfon da spok ɗin da ke kusa da hannu ɗaya, ka jingina wilin da bango ko bishiya. Mai tiyo ma yana da nasa tarkon idan irin wanda ake murɗawa a kan bawul ne: wasu tiyub ɗin ƙwayar cikin bawul ɗinsu gaba ɗayanta tana warwaruwa ta fita, to idan ba a ɗaure take sosai ba, wajen warware tiyo sai ta biyo shi, duk iskar da ka sha wahala a kanta ta fice a numfashi ɗaya. Maganinsa ka ƙara ɗaure ƙwayar cikin tun a gida, tiyub ɗin da ke cikin taya da na ajiya duka.

Yanzu mu jera gas kusa da wannan. Gwangwanin CO2 mai giram 16 yana cika tayar 700x25 zuwa wajen psi 100 cikin 'yan daƙiƙu, ba gumi. A wurin tsere ko fitar rukuni inda mutum goma suke tsaye suna jiranka, babu abin da ya kai shi. Amma gwangwani ɗaya, cika ɗaya. Idan bakin bai zauna daidai ba gas ya tsere, shi ke nan. Idan ba ka lalubo ƙayar da ke cikin taya ba ta sake huda sabon tiyub, shi ke nan. Mu kuma ƙasarmu ƙasar tsidau ce. Wanda ya sauka gefen titi don ya kauce wa babbar mota yana iya kwasar ƙaya uku ko huɗu a taya biyu lokaci guda, kuma neman inda tiyub ya huje ma sai an ɗan ba shi iska an saurara. Da gas wannan ɓarna ce, da famfon hannu bugu goma ne. Ga shi gwangwanin yana yin sanyin ƙanƙara lokacin da gas yake fita, har yana iya ƙona fata, sai an riƙe shi da safar hannu ko rigar robarsa. CO2 kuma yana ratsa robar tiyub da sauri fiye da iska, washegari za ka tarar taya ta yi laushi, don haka in ka koma gida sace shi ka buga iska. Ana gargaɗin kada gwangwanin ya wuce zafin digiri 49, wanda ke nufin barinsa cikin mota a rufe a watan Afrilu a Kano ba daidai ba ne. Sannan ba kaya ba ne da za ka samu a kowane shagon kekuna, ka saya, ka ƙarar, ka sake nema.

Mai caji ya fi gas kusa da zama abin dogaro. Cycplus AS2 bai kai giram 100 ba, yana kai psi 100, caji ɗaya yana cika kamar taya biyu irin taka. AS2 Pro yana da allon da ke nuna matsi, ka saita lambar da kake so ya tsaya da kansa. Ga mai ciwon kafaɗa ko wuyan hannu wannan rahama ce, ba zan rage masa daraja ba. Sai dai yana da ƙara, yana zafi sosai, har masu tiyub ɗin TPU (wani siririn tiyub na filastik) mai bawul na roba dole su sa tiyo a tsakani don kada zafin ya narka bawul. Abin da ya fi damuna da shi shi ne batirin yana iya sauka alhali yana kwance a jaka, kuma a yanayin wutarmu ba kowane daren Juma'a ake samun yin caji ba. Babban na Xiaomi da ake yawan gani a kasuwa yana aiki, yana kai psi 150, amma kusan rabin kilo ne. Na mota ne da gida, ba na aljihun riga ba.

Wani zai ce ai a rukuni ake fita, wani zai ba ka nasa. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni, balle kai ka ce kana fita kai kaɗai.

Akwai wani ɗan abu da nake roƙonka ka haɗa da duk abin da ka saya: ɗan mahaɗin tagulla da ake murɗawa a kan Presta ya koma Schrader. Bai kai kan ɗan yatsa ba, kuɗinsa kaɗan ne. Masu faci suna nan a kusan kowane gari a kan hanyoyinmu, amma bakin injinsu na mota da babur ne, ba ya kama bawul ɗinka. Da mahaɗin nan, ka buga psi 60 da hannu ka lallaɓa zuwa gari na gaba, mai faci ya ƙarasa maka. Ka tsaya a kansa dai, ka ce ya riƙa ba ta kaɗan-kaɗan, domin tayar da cikinta lita ɗaya ne nan da nan take cika a bakin injin. Ka duba iyakar matsin da aka rubuta a gefen tayarka, kada a wuce ta. Idan wata rana ka koma sababbin wili marasa ƙugiya a bakinsu, su iyakarsu psi 72.5 ce, ko taya ta ce ta fi haka.

Don haka, Malam, idan kuɗin abu ɗaya gare ka, sayi mai tiyo da mataki irin Road Morph. Idan ba ka son komai a jikin keke sai a aljihu, ɗauki guntu mai tiyo wanda aka rubuta wa HP, ka zaɓi mafi tsayin da aljihunka zai ɗauka, ka yarda da yawan bugun. In hali ya samu daga baya, ƙara gwangwani ɗaya ko mai caji don ranakun fitar rukuni.

Ranar da ka saya, sace tayarka gaba ɗaya a tsakar gida ka cika ta da shi, don hannunka ya san yadda bakin yake kamawa, ka kuma ga ko ya kai matsin da kake hawa da shi. In ɗan gwanjo ne, toshe bakin da yatsa ka danna tun a gaban mai shago: idan iska tana tsiyaya ta baya, robar cikinsa ta mutu. Famfon da ke ɗaure a jikin keke kuma yana shan ƙurar hunturu da feshin ruwan damina, saboda haka ka tabbata murfin bakinsa yana rufe, kuma lokaci-lokaci ka warware shi ka goge cikin, ka shafa wa robar ɗan man silikon, ba baƙin man inji ba.