Gargaɗi ga masu ɗaukar hoton rana: akwai mai sayar da filtar bogi, ya cinye min ₦185,000

Jama'a, duk mai teleskof a Zariya da kewaye, musamman matasan Samaru da Kongo da suka fara sha'awar ɗaukar hoton tabon rana, ku yi hattara da wani mutum da ke tallan filtar rana a Facebook da guruf-guruf na WhatsApp. Ɗan damfara ne, kuma damfararsa ta wuce ta kuɗi, tana iya makantar da mutum. Naira 185,000 ya karɓa a hannuna: 48,000 kuɗin takardar filtar da ake rufe bakin teleskof da ita, 137,000 kuɗin abin da ya ce etalon ne na H-alpha, wato filta ta musamman da ke barin jan hasken haidurojin na rana kaɗai ya wuce. A cikin biyun babu wanda ya cancanci a nuna wa rana. Ban sa sunansa ba saboda sunan da ke kan asusun banki daban, na Facebook daban, kada in je in ɓata sunan bawan Allahn da aka ari asusunsa. Sikirinshot na hirar da rasit ɗin tiransifa duk suna nan, zan ɗora su da zarar na gama goge lambobin mutanen da ba ruwansu.

Kafin wani ya zo yana min wa'azin kwaɗayin araha, ya tsaya ya ji. Na yi wa mutumin nan tambayoyin da ake yi wa mai wannan kaya, ya amsa su daidai. Na ce takardar wace iri ce, ya ce Baader AstroSolar, mai ƙarfin 5.0, girman santimita 20 da 29. Na ce ba mai 3.8 ba ce? Ya ce a'a Malam, mai 3.8 ta kyamara ce kaɗai, ba a sa mata ido. Haka abin yake: mai 5.0 kashi ɗaya cikin 100,000 na hasken rana take bari ya wuce, mai 3.8 kuwa tana sako ninkin wannan kusan sau 16. Sai kuma ya ƙara da wata magana da ban ma tambaye shi ba. Ya ce, "Malam, don Allah idan za ka haɗa, kada ka manta ka rufe ɗan ƙaramin madubin saiti na sama ko ka cire shi gaba ɗaya, shi ne yake ƙona wa mutane ido." Wannan maganar ce ta sa na tura kuɗin. Wa zai ji mutum yana gargaɗinsa a kan madubin saiti ya ce ɓarawo ne? Mai sayar da kayan bogi ina ruwansa da idonka? Har yanzu saƙon muryar yana wayata, sakan 19 ne, da sallamarsa da komai.

Kayan sun iso ta tasha, a cikin kwalin taliya an naɗe da salatif. Amma kafin nan ma sai da aka sha jeka-ka-dawo, yau direba bai tashi ba, gobe mota ta lalace a hanya. Wannan jeka-ka-dawon bayan na biya kashi na biyu ne, na 137,000. Na 48,000 shi na fara turawa, a ranar ya yi min kiran bidiyo ya nuna min ambulan mai tambarin kamfanin, ya juya gaba ya juya baya. Ambulan na gaske ne, wannan ko yanzu ban canja magana ba. Abin da ke ciki ne ba shi ba.

Abin da ke ciki tintin gilashin mota ne, irin mai ƙyalli kamar madubi, an yanka shi daidai girman takardar A4. Ga yadda aka gane. Takardar gaske siririya ce ƙwarai, an shafe ta da ƙarfe gaba da baya, ba ta da gam ko kaɗan. Wannan kuwa da aka sa farce a kusurwa sai wata farar leda ta ɓare, ƙarƙashinta yana danƙo. Aka shiga ɗaki aka ɗaga ta saitin ƙwan lantarki: ƙwan ya fito sarai, har da labulen taga ana gani. Ta cikin filta mai 5.0 ba ka ganin ɗaki, ba ka ganin taga, fitilar waya ma in ka manna ta da kyar za ka ga ɗan ɗigon haske. Tintin mota mafi duhu yana barin kusan kashi 5 cikin 100 ya wuce. Ku yi lissafin da kanku, ninki 5,000 ke nan a kan abin da ya halatta, kuma ba a yi maganar hasken infrared ba, wanda ido ba ya gani balle ya ƙifta. Bayan ido ba ya jin zafin ƙuna, sai bayan sa'o'i mutum ya ga wani baƙin gurbi a tsakiyar ganinsa.

Teleskof mai bakin milimita 90 da tsawon fokas milimita 900 yana tara zafin rana kusan wat 6, ya matse shi a da'irar da ba ta wuce milimita 8 da ɗoriya ba. Wannan yana narka roba cikin daƙiƙu. Shi ya sa ƙa'ida ita ce a tare hasken tun a bakin teleskof, kafin ya shiga. Kuma shi ya sa sabuwar filta ba a fara gwada ta da ido, kyamara ake fara sa wa. An yi wa tintin nan zobe na kwali an ɗora, don a samu hujja a hoto. Da filtar gaske, lokacin buɗe kyamara na 'yan milisakan ya isa faifan rana ya fito da gefensa mai ɗan duhu. Da tasa kuwa an sauke lokacin zuwa ƙarshen abin da manhajar ɗaukar hoto ta SharpCap ke bari, an mayar da gen, wato ƙarin hasken kyamara, sifili, allo fari fat, babu gefe babu tabo. Nan take aka kau da teleskof kafin sensar kyamara ta ƙone. Naira 48,000 ke nan a kan guntun tintin da masu aikin gilashin mota ke zubarwa.

Na 137,000 shi ya fi ci min rai. Ya ce etalon ne da aka ciro daga Coronado PST, ƙaramin teleskof na kallon rana, da jikinsa ya fashe, na gwanjo. Wannan abu ne da ake yi, masu harkar suna ciro etalon ɗin PST su dasa a babban teleskof, don haka farashin bai zama abin mamaki ba ga kayan da aka ciro daga fasasshe. Ya turo hotonsa da zoben da ake murɗawa a saita shi. Abin da ya zo kuwa filtar dare ce mai zaren inci 1.25, irin ta ɗaukar hoton gajimaren taurari, an kankare rubutun gefenta amma 7nm bai gama goguwa ba. Duka biyun suna aiki a layin haidurojin na nanomita 656.28, iyakar dangantakarsu ke nan. Don ka ga harsunan wuta a gefen rana da zaren duhu a kan fuskarta, kana buƙatar ƙofa mai faɗin ƙasa da angistirom 1, an fi son 0.7. Nanomita 7 angistirom 70 ne, ninki 100. Hasken fuskar rana zai shanye komai. Sannan etalon ba ya aiki shi kaɗai: akwai gilashin rage zafi a gaba, etalon a tsakiya, filtar toshewa a baya. Ɗaya ya ɓace, sauran ba su da amfani kuma akwai haɗari.

Da na yi masa magana, ku ji abin da ya rubuto, yana cikin sikirinshot ɗin. Wai in ɗaura filtar daren a hancin kyamara, in cire filtar gaba gaba ɗaya, zan ga wuta. Mutumin da ya ce in rufe madubin saiti don kada ido ya ƙone, shi ne yake cewa a buɗe bakin teleskof a nuna wa rana tsirara. Ashe haddace maganar ya yi. Wani ɗalibi da ya saya kafin ni ya bi wannan umarnin, filtar ta tsage, robar hancin kyamarar ta narke, sensa ta yi tabon da ba ya fita. Allah ya taimake shi kyamara ya sa, ba ido ba. Shi ma ya ce saƙon muryar nan na madubin saiti aka tura masa, kalma da kalma.

Hotunan da yake talla da su ma na sata ne. Wanda ya turo min tun farko, kafin kiran bidiyon, ya ce shekaranjiya ya ɗauka a saman bene. Babban rukunin tabo ne a ƙasan faifai, baƙin tsakiya da toka-tokan gefe duk sun fito. Da aka bi diddigi, rukunin tabo mai lamba AR3664 ne na watan Mayun 2024, wanda ya haddasa babbar guguwar maganaɗisu ta 10 da 11 ga watan, kuma hoton na SDO ne, tauraron ɗan'adam na hukumar NASA mai ɗaukar hoton rana. Rana tana juyawa, tabo yana ƙetare fuskarta daga gefe zuwa gefe cikin kamar mako biyu ya ɓuya, don haka hoton yau ba ya kama da na wancan wata balle na wata shekara. Wa ke zama ya tantance lambar tabo alhali mutum yana kiransa Malam yana rantsuwa da amana? Yanzu dai ya yi bulokin ɗina, shafin ya canja suna, lambar a kashe. Naira 185,000. Allah ya isa.

Abin haushin, aikin nan ba ya buƙatar kaya masu yawa. Takardar gaske guda, zobe biyu na kwali, a sa ta a tsakani da salatif mai gam gaba da baya, kada a ja ta ta yi tauri, ɗan yamutsewa ba ya ɓata hoto amma ja yana ɓatawa. A yi mata wuya mai zurfin santimita 4 ko 5 da zai shige bakin teleskof, a ɗaure wuri uku saboda iskar hunturu. A saita da inuwar bututun a ƙasa, inda ta fi ƙanƙanta nan rana take. A Zariya tsakanin ƙarfe 8 da 10 na safe ya fi, kafin rufin kwano ya ɗauki zafi iska ta fara rawa. Bidiyo na firam 1,000 zuwa 2,000, a tace mafi kyawun kashi 10 cikin 100 a manhajar AutoStakkert, in akwai koriyar filta ta nanomita 540 a bayan ta gaban, tabon zai fi fitowa. Zagayen rana na 25, wato zagayen hawa da saukar yawan tabo, da ya fara a Disambar 2019 ya kai ganiyarsa a 2024, lokacin da kowa ke neman filta, shi ma ɗan damfarar ya san haka.

Kada ku biya sai kaya na hannunku kun ɗaga shi a gaban ƙwan lantarki. Ku ce wa mai sayarwa ya ɗauki hoton rana yau ku gwada da na SDO na yau. Ƙaramar baƙar filtar nan da ake murɗawa a madubin ido, ku jefar da ita, tsagewa take yi. Gilashin walda mai duhun lamba 14 da tabaran kallon husufi masu lambar ISO 12312-2 na ido tsura ne, ba a haɗa su da teleskof. Hazo ma ba filta ba ne. Wanda ya tura wa mutumin nan kuɗi ya yi min magana ta akwatin saƙo da rasit ɗinsa, muna haɗa su wuri ɗaya.