Na'urar Littafi Mai Tsarki mai magana da na saya wa Mama

'Yar ƙaramar na'ura ce baƙa, ba ta wuce tafin hannu ba, lasifika a gaba, allon sola a baya. A cikinta akwai Littafi Mai Tsarki cikakke da Hausa, littattafai 66 daga Farawa har Wahayin Yahaya, wani mutum yana karantawa da murya. A wani shagon littattafan Kirista a Jos na same ta, na kai wa mahaifiyata ƙauye wajen Kafanchan, don ciwon ido ya rage mata gani har ta daina iya karatun asuba da ta saba tun muna yara. Ta yi damina guda da ita yanzu, shi ya sa nake ganin zan iya faɗin abin da na gani.

Muryar mai karatun ita ce ta fara burge ni. Ba ya sauri, Hausarsa tana fita tas, kuma babu kiɗa a ƙarƙashi da zai danne magana. In ka kashe ta, gobe daga inda ka tsaya za ta ci gaba. A garin da wutar lantarki sai ta ga dama, solar nan ba ƙaramin taimako ba ce: Mama takan ɗora ta kan katanga da hantsi, zuwa yamma ta cika.

Amma abin da ya sa nake yaba ta ya wuce wannan. Na'urar ba ta tsinko aya ɗaya ta bar ka da ita, sura take karantawa daga farko har ƙarshe. Mu 'yan waya mun saba da guntun bidiyo a WhatsApp, wani ya fito yana rantsuwa an nuna masa watan da Yesu zai dawo, kowa ya tura wa ɗan'uwansa, hankali ya tashi. Irin waɗannan saƙonni suna isa kunnen tsofaffi ta hannun jikoki. Da Mama ta saurari Matiyu 24 gaba ɗaya, ta ji da kunnenta cewa ranar nan da sa'ar nan ba wanda ya sani sai Uba, ko mala'iku ba su sani ba, sai ta ce wa ƙanena, "Kai yaro, kada ka ƙara kawo mini masu lissafin rana."

Surar da ta fi maimaitawa ita ce Yakubu 5. Dukanmu mun san aya ta 7 da ta 8, inda aka ce a yi haƙuri har Ubangiji ya dawo, a dubi manomi da ke jiran ruwan fari da na ƙarshe. Sai dai wanda ya saurara daga aya ta farko zai ji wa ake faɗa wa haka: ma'aikatan gona ne da masu dukiya suka danne musu hakkin girbi, kukansu kuwa ya kai kunnen Ubangiji Mai Runduna. Mutanen da aka zalunta ake ce wa su jimre, kada su yi gunaguni da juna, don Alƙali yana bakin ƙofa. Bayan nan kuma a kawo jimirin Ayuba. Ranar da na je, muna zaune a tsakar gida tana ɓare gyaɗa, ta tsayar da na'urar ta ce, "Kin ji, 'yata? Manomin nan ba naɗe hannu ya yi ba. Ya riga ya yi shuka, yana noma, ruwan ne kaɗai ba a hannunsa yake ba." Mace ce da ta binne miji, ta ga tashin hankalin yankinmu da idonta, don haka maganar ta shige ni ƙwarai.

Matan Zumunta, wato ƙungiyar matan coci, su ma sun gano ta. Sukan taru wurin Mama, yawancinsu gwauraye, su sa 1 Tasalonikawa 4, inda Bulus ya ce kada su yi baƙin ciki kamar marasa bege a kan waɗanda suka yi barci, wato suka mutu. A nan ne aibinta na farko ya fito: in aka ƙure ƙara don mutane da yawa, lasifikar sai ta riƙa karkarwa.

Babban aibin kuwa maɓallan ne. Duk girmansu ɗaya, a shafe, ba wata alama da yatsa zai gane. Abin da aka yi domin wanda ba ya gani sosai bai kamata ya zama haka ba, kuma wannan ya ɓata mini rai. Jikarta ce ta manna guntun salatif a kan maɓallin kunnawa kafin Mama ta iya sarrafa ta ita kaɗai. Ba kuma a iya zuwa aya kai tsaye, sai littafi da sura, kuma Yakubu shi ne littafi na 59, to in ta koma Farawa bisa kuskure akwai aikin dannawa. A watan Agusta da hadari ya rufe rana, sai da muka riƙa kai ta wurin mai cajin waya.

Duk da haka zan sake saya, kuma ina shirin saya wa gwaggona. Kuɗinta ya ɗara na ƙaramar rediyo kaɗan. Kafin ka biya, ka sa mai shago ya kunna maka, ka tambayi wace fassara ce a ciki. Tsofaffi da yawa da tsohuwar fassarar 1932 suka haddace ayoyinsu, ta Mama kuwa sabuwa ce, sai da ta ɗauki lokaci kafin kunnenta ya saba. Ka duba ko tana da wurin caji da waya ban da sola, sannan ka rufe idonka ka gwada maɓallan da yatsa tun a shagon.